Fashin Baƙi: Idan Na'ura Ta Iya Zane da Waƙa, Ina Amfanin Karatun Tarihi, Adabi da Zane-zane?

Duk ɗalibin da ya samu gurbin karatun tarihi, ko Hausa, ko falsafa, ko zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Jihar Kaduna, da wuya ya tsira daga tambayar nan ta dangi: "To, idan ka gama, me za ka yi da shi?" Tambayar tsohuwa ce, amma ta ƙara kaifi tun ƙarshen 2022, lokacin da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suka shigo wayoyin jama'a, har ta kai yaro a Rigasa ko Sabon Tasha zai umarci waya ta tsara masa waƙa ko ta zana masa hoto, ta kuma yi kafin ya ajiye ta. Masu tambayar suna ganin magana ta ƙare: abin da na'ura ke yi cikin daƙiƙa bai cancanci shekara huɗu a jami'a ba. Sai dai a ƙarƙashin wannan muhawara akwai wata wadda ta girme ta, wato mene ne ya sa mutum ya zama mutum, kuma wa ake lissafawa a cikin mutane. Amsar da al'ummomi ke bayarwa ta sha canzawa, kuma waɗannan fannonin da ake rainawa su ne wurin da ake bin sawun canjin.

Waɗanne fannoni ake nufi?

Fannonin nazarin ɗan Adam su ne waɗanda ke duba abin da mutane suka faɗa, suka rubuta, suka rera, suka gina, suka kuma yi imani da shi: harshe da adabi, tarihi, falsafa, nazarin addinai, kiɗa, wasan kwaikwayo, zane da sassaƙa. Bambancinsu da kimiyya yana cikin irin tambayar da suke yi. Likita zai iya bayyana abin da ke faruwa a jikin mai ciwon ajali, amma tambayar ko ya dace a gaya wa majinyacin gaskiya, da wanda ya kamata ya gaya masa, da irin lafazin da za a yi amfani da shi, ba a samun amsarta a ɗakin gwaje-gwaje. A nan ana aiki ne da fassara da hujja da kwatanci, kuma ana iya samun amsoshi biyu masu ƙarfi a kan tambaya guda, abin da ke sa wasu su ɗauka cewa fannin ba shi da ƙa'ida, alhali ƙa'idarsa ita ce kowa ya kawo dalilinsa a auna.

A Turai, tsarin ya samo asali daga Italiya ta ƙarni na 14 da na 15, inda masana irin su Petrarch suka farfaɗo da karatun nahawu, balaga, waƙa, tarihi da falsafar ɗabi'a. Amma kuskure ne a ɗauka cewa Bature ne ya kawo mana shi. Wanda ya zauna a makarantar zaure a birnin Zazzau ya san cewa bayan fiƙihu da tauhidi, malamai na karantar da nahawu, lugga, balaga, ma'aunin waƙa da tarihin magabata. Ibn Khaldun ya rubuta fitacciyar gabatarwarsa kan yadda dauloli ke tashi da faɗuwa a 1377. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru domin ilimi ya isa ga matan karkara ta hanyar waƙa. Duk wannan nazarin ɗan Adam ne, ko da ba a kira shi da sunan da jami'o'i ke kiransa yau ba.

Yadda aka mayar da su saniyar ware

Raina waɗannan fannoni bai faɗo daga sama ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta daɗe da tanadin cewa aƙalla kashi 60 cikin 100 na guraben jami'o'i a bai wa kimiyya da dangoginta, sauran fannoni su raba kashi 40. Niyyar ba ta da aibi, domin ƙasar da ta samu 'yanci da ƙarancin likitoci da injiniyoyi dole ta nemi cike giɓin. Illar ta biyo ta hanyar yadda makarantun sakandare suka fassara manufar: yaron da ya yi ƙoƙari a tura shi ajin kimiyya, wanda ya gaza a tura shi ɗaya ajin, har ya zama tarihi da adabi tamkar horo ne ake yi wa marar ƙoƙari. Daga nan sai aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a wajejen 2009, kuma sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido shi. Tsakanin waɗannan shekaru, yara masu yawa sun tashi a Kaduna ba tare da an taɓa zaunar da su a aji an bayyana musu dalilin da ya sa garinsu ya zama hedikwatar Arewa ba.

Sai kuma talauci. Garin da masaƙunsa na Kakuri suka ɗauki dubban ma'aikata tun daga 1957, suka kuma durƙushe ɗaya bayan ɗaya a farkon shekarun 2000, ba za a zargi iyayensa ba idan suka auna kowane karatu da ma'aunin albashi.

Ma'anar mutum ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba

Ga mafi yawan mazauna Kaduna, amsar farko daga addini take. Alƙur'ani ya ce Allah ya girmama 'ya'yan Adam, ya kuma sanya mutum halifa a bayan ƙasa; Littafin Farawa ya ce an halicci mutum cikin kamannin Allah. A duka biyun, darajar mutum kyauta ce da aka haife shi da ita. Al'adar Hausa ta ƙara wani mataki, inda take ɗaukar mutuntaka abin da ake kaiwa gare shi ta hanyar hali. Shi ya sa ake cewa "wane ba mutum ba ne" a kan wanda ke da cikakkiyar lafiya amma ba ya zumunci, ba ya riƙe amana. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a Zariya, ya tattara siffofin mutumin kirki a wata lacca da aka buga a 1974, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu dukiya a jerin. Yau kuwa idan aka ce "yaron nan ya zama mutum", galibi mota da gida ake nufi, kuma wannan ma canji ne a ma'anar mutum, wanda ya faru a gabanmu ba tare da an yi shawara da kowa ba.

Falsafar Turai ta ɗora nauyin a kan hankali, musamman tun daga masanin falsafa ɗan Faransa, Descartes, a 1637: mutum shi ne halitta mai tunani. Amma zamanin da ya ɗaukaka hankali shi ne kuma ya riƙa tantance waɗanda za a yarda suna da shi. A 1550 an zauna a birnin Valladolid na Sifaniya ana muhawara kan matsayin mutanen asali na nahiyar Amurka da halaccin yaƙarsu da mallake su. Tsarin mulkin Amurka na 1787 ya ƙirga bawa a matsayin kashi uku cikin biyar na mutum wajen rabon kujerun majalisa. Mu ma ba mu da bakin zargi, domin ƙasar Hausa ta yi bauta mai faɗi, rinji-rinji cike da bayi, kuma sai a 1936 doka ta kammala soke ta a Arewacin Nijeriya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare akwai littattafan da suka ce ɗan Adam mai daraja ne. Abin da aka yi ta jayayya a kai shi ne iyakar da'irar. Ko da aka zo 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana cewa dukkan mutane an haife su 'yantattu masu daraja ɗaya, mafi yawan Afirka tana ƙarƙashin mulkin mallaka.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 kuma, kimiyya ta shiga rage jerin abubuwan da ake cewa mutum kaɗai ke iyawa. An daɗe ana cewa mutum ne kawai ke ƙera kayan aiki, sai a 1960 Jane Goodall ta ga birai a Tanzaniya suna gyara tsinke suna zaƙulo gara da shi. An ce dabarar wasan dara irin na Turawa ta mutum ce, sai kwamfuta ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a 1997. Zane da waƙa su ne katangar da ta rage, kuma a 2022 wani hoto da aka haɗa da manhajar Midjourney ya lashe gasa a bikin baje koli na jihar Colorado. Duk wanda ya gina ma'anar mutum a kan "abin da babu mai iyawa sai shi" zai ci gaba da ja da baya. Ma'aunin Bahaushe, na amana da kunya da mutunci, bai girgiza haka ba, domin bai dogara da gwaninta ba: na'ura ba ta jin kunya idan ta yi ƙarya, kuma ba a kama ta da laifin cin amana.

Darasin Nok

Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a kudancin jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a Ƙaramar Hukumar Jaba ta yanzu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, Bature mai binciken kufai, wani kan da aka samu a yankin Jama'a, wanda kafin nan wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doya don korar tsuntsaye. Binciken da Jami'ar Goethe ta Frankfurt ta fara tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya a 2005 ya nuna cewa al'ummar da ta yi waɗannan kawuna ta faro ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, tana noman gero, daga baya ta riƙa narka ƙarfe.

Wanda ya tsaya gaban ɗaya daga cikin waɗannan kawuna ya natsu, abin da zai fara kama shi idanu ne: kusan kusurwa uku gare su, gira ta lanƙwasa a sama, an huda ƙwayar idon ta zama rami mai zurfi. An huda hanci da kunne, wani lokaci har da baki. Ramukan suna ba fuskar rai, sannan suna barin tururi ya fita lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe, wato maginin ya warware matsalar wuta da matsalar kyau da dabara guda. Sai gashin kai: tukkaye, kitso, ƙulle-ƙulle da aka jera da kulawa, ga duwatsun wuya da na hannu rututu. Mutanen da suka yi wannan sun damu da yadda suke fita a idon juna, suna da masu sana'a da suka ƙware, suna da lokacin da ya wuce na neman abinci.

Muhimmancin wannan ya wuce ado. A 1963 masanin tarihin Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya yi iƙirarin cewa babu tarihi a Afirka sai na Turawan da suka zo cikinta, sauran duhu ne. Irin wannan magana hukunci ce kan wanda ya cika mutum, domin mutanen da aka ce ba su da tarihi, an riga an share hanyar a mulke su. Waɗanda suka rushe iƙirarin masana tarihi ne da masu binciken kufai, ciki har da Abdullahi Smith, wanda ya jagoranci kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna a 1970, da ɗalibansa irin su Yusufu Bala Usman. A ɓangaren zane, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, sun ƙi yarda cewa kyau sai abin da aka kwaikwayo daga Landan. Abin takaicin shi ne, yawancin wuraren Nok masu haƙar sata sun riga masu bincike isa, kayan kuma sun ƙare a hannun dillalan Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Ƙauyen da bai san darajar abin da ke ƙarƙashin gonarsa ba zai sayar da shi a kuɗin buhun taki.

Me ake nufi da koyon kallon aikin fasaha?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ɗanɗanon fasaha shi ne a tsaya gaban allo a gidan baje zane ana gyaɗa kai. Alhali horar da ido da kunne ne su ga zaɓin da mai aikin ya yi, da dalilinsa, da al'adar da ya gada, da inda ya kauce mata. Wannan ilimi muna da shi tun tuni. Dattijon da zai sayi babbar riga a kasuwa ba ya tsayawa ga kallon gaba. Yana juya ta ya duba bayan aikin. Idan aska takwas ce ta hannu, zai ga zaren bai tafi daidai-wa-daida ba, zai ga inda mai ɗinkin ya ƙulla ya sake farawa, zai ga yadda tsinin askakin suka sauko daga aljihu kowanne da ɗan bambancinsa, da yadda tambarin ya zauna a ƙirji. Aikin keke ya fi santsi, ya fi sauri, ya fi araha, amma dattijon zai biya ninki a kan na hannu, domin watannin da wani ya yi a zaune da allura yake saye. Haka mai sauraron waƙar fada yake gane inda makaɗi ya saka zambo cikin yabo, haka mai shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, yake ɗaga kai ya ga yadda bakan gizo na ƙasa da azara suka ɗauki rufin.

Keken ɗinki bai kashe aikin hannu ba, ya dai raba kasuwa gida biyu, ya kuma rage yawan masu cin abinci da allura. A ganina, kusan haka ƙirƙirarriyar basira za ta yi wa zane da rubutu.

Ɓangarorin muhawarar

Masu kallon tattalin arziki suna da hujja mai ƙarfi: guraben aiki na kai-tsaye ga mai digirin tarihi ko falsafa kaɗan ne, mafi yawa koyarwa, ita kuma koyarwa ba ta biya. Amsar da ake ba su, cewa fannin na koyar da tunani da rubutu, gaskiya ce kawai idan an koyar da shi yadda ya dace. Ɗalibin da ya yi shekara huɗu yana haddace takardun malami, bai taɓa buɗe fayil a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna ba, bai taɓa zama da tsoho ya ɗauki bayani ya tantance shi ba, ba a koya masa komai da na'ura ba za ta fi shi ba.

Akwai kuma damuwar addini. Malaman Musulunci da dama sun haramta sassaƙa surar mai rai, an kuma yi saɓani kan hoto, sannan wasu Kiristoci ma na ƙyamar kayan gargajiya a matsayin kayan tsafi. Ba a raina wannan damuwa. Amma nazarin abu daban yake da girmama shi, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Bugu da ƙari, ƙaurace wa sura ne ya sa Musulmi suka kai rubutun hannu da zayyana da gini matuƙa, kamar yadda allon zayyanar mai saukar Alƙur'ani yake nunawa.

Masu kare fannin su ma suna wuce gona da iri idan suka ce karatun adabi na gyara hali. Jamus ta shekarun 1930 tana cikin ƙasashen da suka fi kowa falsafa da kiɗa, hakan bai hana kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi ba. Kuma tarihi da aka karanta da son zuciya makami ne. Kowane ɓangare a rikicin jihar nan yana da nasa tarihin da yake karanta wa 'ya'yansa.

Abin da zai shafi talaka

Na farko shi ne abinci. Mai zana allon shago, mai tsara katin biki, mai fassara, mai rubuta wa 'yan siyasa waƙa, duk za su ga farashin aikinsu na yau da kullum ya faɗi. Wanda zai tsira shi ne mai sanin abin da manhaja ba ta sani ba: karin harshen Zazzau, habaicin da ya dace da wannan gidan biki, abin da ba a faɗa a gaban surukai. Manhajojin an horar da su ne galibi da Turanci, Hausarsu na ɗauke da ƙamshinsa, harsuna irin su Tyap da Jju da Gbagyi da Hyam kuwa rabonsu a ciki ya fi ƙanƙanta. Mai gyara wannan sai wanda ya karanci harshen.

Na biyu ya fi haɗari. Kaduna ta ga Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, rikicin shari'a a 2000, na 2002, da na bayan zaɓen 2011, har garin ya rabu, kogi ya zama iyaka a zukatan mutane. Kafin kowane kisa, sai an fara cire wani daga da'irar mutane da baki, a mayar da maƙwabci "su". A da jita-jita ce ke wannan aiki. Yanzu ana iya ƙirƙirar hoto ko muryar malami ko fasto yana faɗin abin da bai faɗa ba, a watsa ta WhatsApp kafin a idar da sallar la'asar. Tambayoyin da ke kare mutum daga wannan, wato wa ya yi, yaushe, don wa, me aka yanke, su ne ainihin tambayoyin da ake koya wa ɗalibin tarihi game da kowace takarda, da ɗalibin zane game da kowane hoto.

Na uku shi ne mallaka. Hukumar haƙƙin mallaka ta Amurka ta ƙi yi wa hoton nan na Colorado rajista, bisa dalilin cewa doka na kare aikin da mutum ya ƙirƙira ne, wanda ke nuna cewa tambayar "wane ne mutum" ta koma batun kuɗi da kotu. A nan gida, sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ita ce za a gwada da irin waɗannan shari'u. Aska takwas da dagin Arewa da salon kiɗan kalangu ba su da mai su guda ɗaya, gadon jama'a ne, kuma idan kamfani ya ɗora su a manhaja yana sayarwa, masu ɗinkin Zariya da makaɗan da suka raya su ba su cikin lissafin ribar. Lauya zai iya shigar da ƙara, amma hujjar cewa wannan zane na wurin nan ne, da shekarun da ya yi ana yinsa, da hannayen da ya bi, sai an nemo ta wurin wanda ya yi nazarinsa ya rubuta.